Tana Tana Nan

A bayan ɗakina a Agege, dab da layin dogo,
akwai tsohon firij da ya mutu tun kafin in tare.
Na kwantar da shi rigingine, na huda cikinsa da ƙusa,
na ɗora shi kan bulo huɗu.
Nan ne garkena.

Ba ƙaho, ba kofato,
ba mai zuwa tayi ranar jajibirin Salla.
Baba Lamidi, masunci a Ikorodu,
shi ya ba ni su cikin gwangwanin madara,
ya ce ƙugiya ce makomarsu.
Na ce waɗannan dai sun sha.

Da magariba nake dawowa daga kasuwar Mil Tuwalf
da abin da ciniki ya rage:
ganyen kabeji da ya yi laushi,
ɓawon ayaba, ɓawon kankana,
kwalin da na yayyaga na jiƙa.
Attarugu nake sayarwa, amma ba sa cin hajata.
Albasa ma sun ƙi.
Na taɓa zuba musu guntun miya,
da safe na tarar sun yi jerin gwano a jikin bango
kamar fasinjan da direba ya juye a Oshodi.
Ran nan na san gishiri abokin gabarsu ne.

Sai ka damƙi shimfiɗarsu ka matse.
In ɗigo ɗaya ya faɗo, to madalla.
In ya tsiyaya, ka yi ɓarna.
In ya bushe, cinnaka na hanya.
Na zagaye bulon da toka, na rufe su da jiƙaƙƙen buhu,
na ɗora dutse saboda gafiya.
Janaretan maƙwabci kuwa ba ni da maganinsa,
in ya tashi, sai su ɗauka duniya ce ke tashi.

Bara'atu, autata, ta tsuguna ta ce,
"Baba, ina kan, ina wutsiyar?
Ba su da ido, yaya suke gane gida?"
Na ɗauki ɗaya, ta nannaɗe a tafina, sanyi ƙalau.
Na ce, "Ni mai ido biyu,
shekara goma sha ɗaya ban koma Ɗanja ba."
Ba ta gane ba. Gara haka.

Mai gidan haya, Iya Modina, ta toshe hanci tun daga nesa,
ta ce ƙazanta zan tara mata a gida.
Na buɗe murfin na ce ta sunsuna.
Ta yi shiru.
Ƙamshin ruwan farko ne a kan gona,
a garin da kwata ke gaishe ka kafin mutane.
Yanzu ita ke aiko jikanta da roba,
wai lalonta na buhu ya ƙi tashi.

Daren da ruwa ya ci unguwa
na farka na ji tabarma na iyo.
Mutane na ɗaga talabijin, na ɗaga firij,
ni da Ɗanliti mai shayi, ruwa har gwiwa,
yana zagina, yana dariya,
muka aza shi kan bencinsa har asuba.

Gonar mahaifina an raba ta bakwai,
rabona bai kai shimfiɗar zani uku ba.
A Ikko kuwa taku ɗaya na ƙasa
ya fi kuɗin shekarata.
Amma duk wata uku nakan tankaɗe mudu shida,
baƙa wuluk, mai laushi kamar kwalli.
Yakuwa ta fito a cikin tsohuwar taya.
Alayyafo ya kai ƙugun Bara'atu.

Jiya yayana ya kira ya ce, cikin zolaya,
"Sarkin kiwo, ya dabbobin?"
Na ɗaga buhun, haske ya taɓa su,
suka nutse ɗaya bayan ɗaya, ba sallama.
Na ce, "Tana tana nan.
Tana yi min ƙasa."