Kada Hannun Uwa Ya Fito

Shagona yana ƙasan bene a Turku,
taku kaɗan daga kogi, inda sanyi ke kama gwiwa.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar fuskoki,
na fasfo, na katin zama.
Tun daga ƙofa nakan gane mai jiran amsa.

Ranar Talata suka shigo, ƙanƙara a takalmansu.
Keshab ya riƙe jakar takardu kamar mai ɗauke da ƙwai.
Sunmaya ta rungumo bargo,
cikin bargon kuwa mutum ce, 'yar kwana arba'in da biyu.
Suka ce sunanta Ojaswi.
Sau uku na gwada, harshena ya noƙe.

Shi yana karatun tace ruwa, saura shekara uku.
Ita tana bin ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji,
nata ya fi nasa nisa.
Kowa da katinsa a aljihu,
jaririyar ce kaɗai ba ta da ko tsinke.
A asibitin bayan tudu aka yanke cibiyarta,
amma garin bai rubuta ta cikin nasa ba,
Nepal kuma ba ta taɓa jin kukanta ba.

Na shimfiɗa farin ƙyalle.
Na ce, dokar ba tawa ba ce, aiko min ita aka yi:
fuska ta kalli gaba, baki a rufe,
kuma kada hannun uwa ya fito.

Sunmaya ta zare hannu a hankali.
Kan ya langaɓe gefe, kuka ya cika shagon.
Muka zauna jiran ta yi shiru.

A nan Keshab ya kwance min bakin jaka.
Sai an fara samun fasfo, in ji shi,
sannan a nemi izinin zama,
sannan a leƙa asusunsa a ga ko zai ciyar da baki uku.
Da asuba yakan raba jaridu a kan keke,
ya ƙirga kuɗin ta gaba, ya ƙirga ta baya,
ba su ƙaru ba.
Mahaifiyarsa kuma daga Pokhara kullum a waya:
"Ku kawo min ita, biyar na raina, ta shida ba za ta gagare ni ba.
Ku ƙare bokonku ku dawo ku same ta tana gudu."

Tana gudu.
Sunmaya ba ta ce uffan ba.
Na dai ga gaban rigarta ya jiƙe,
na juya ina goge gilashin da ba shi da datti.

Ko ta ajiye karatun, in ji shi can ƙasa-ƙasa,
su koma tare, ni in zauna.
Gaba kura, baya sayaki.

Ni ba lauya ba ne, mai hoto ne.
Abin da na iya shi na yi.
Na ce ta durƙusa ta miƙa tafinta,
na rufe shi da ƙyallen har gwiwar hannu,
muka ɗora kan yarinyar a kai.
Keshab ya karkaɗa makullan kekensa a saman kafaɗata.
Idanu biyu suka buɗe, baƙaƙe wuluk,
suka dube ni kamar ni ne hukuma.
Na danna.

Ban san amsar da ofis ya ba su ba.
Bazara ta zo, ƙanƙarar kogi ta narke,
ban ga keken ba, ban ga bargon ba.
Kwafi ɗaya ya rage a aljihun teburina.
Fari ne tas, ya cika kowane sharaɗi,
sai wata 'yar tattara kusa da kunnen hagu
wadda jami'i ba zai tsaya kallo ba.
Babban yatsan uwarta ne.