Bokitin da Na Bar Maka

Nafi'u, Inna ta ce ka samu gurbi.
Madalla. Ajiye jakar tukuna
in faɗa maka abin da takardar shiga ta ɓoye.

Sanyin Jos ba ya sallama.
Ta ƙarƙashin ƙofa yake shiga Naraguta,
ya kwanta tsakaninka da bargo
kamar shi ya biya kuɗin gadon.
Ka taho da safa mai kauri, da kwaɗo biyu:
ɗaya na akwati,
ɗaya na bakinka, har ka san mutane.

Ɗakin mutum huɗu ne a rubuce.
Mu tara muka kwana a ciki,
ban da wanda ya zo kwana ɗaya ya shekara.
A can na koyi barci a gicciye,
diddigen wani a matashina,
kuɗin cizo na karɓar harajinsa ba rasit.

Ƙarfe huɗu na dare famfo ke tari.
Ba mutane ke bin layi ba, bokitai ne,
kowane da sunan ubangidansa da jan fenti.
Wanda ya matsar da na wani
ya taɓo shari'ar da ba ta da alƙali.

Farkon wata kowa alhaji ne,
ana soya ƙwai, ana kiran mai tsire da suna.
Ran ashirin sai garin kwaki ya hau mulki.
Za ka ga ɗan lissafi ya raba ƙuli uku ga mutum biyar
ba a bar saura ba.

Masu neman ƙuri'a za su ƙwanƙwasa da dare,
su yi maka alkawarin ruwan zafi.
'Yan ƙungiyar garinmu za su nemi kuɗin rajista.
Wasu za su ce ka fito a shaƙata,
ka tambayi wa zai biya kuɗin keken dawowa.
In Kangyang ta ari littafinka ta yi murmushi,
littafin take so.
Ni sai da na yi zango guda kafin na gane.

Amma ga wanda ya fi nauyi.

Sukarina ya dinga raguwa.
Na ja layi da biro a jikin gwangwani,
da safe ya sauka ƙasa da layin.
Na ɗora wa Dachung, mai gadon sama,
don kawai ba yarenmu ɗaya ba.
Mako biyu ina amsa gaisuwarsa da hanci.

Sai daren da ƙanƙara ta yi ta jifan kwano,
zazzaɓi ya naɗe ni kamar tabarma.
Ba wuta, ba keke, ba mai fita.
Shi ya goya ni har asibitin makaranta,
silifas ɗinsa ɗaya ya tsinke a hanya,
ya ƙarasa da ƙafa a cikin taɓo.
Na farka na gan shi a benci yana gyangyaɗi,
da kofin shayi ya rufe mini da littafinsa.

Sukarin kuwa, Tanimu ne.
Tanimun bayan layinmu, wanda muka yi allo tare.

Daga nan Dachung ke tashina da asuba:
"Malam, an kira, kar ka makara."
Ni kuma ran Lahadi in ba shi aron takalmina.
Ba mu taɓa zama mun tattauna shi ba.

Za a tafi yajin aiki, za a dawo.
Za ka faɗi wani kwas, ba za ka mutu ba.

Bokitina shuɗi yana wurin ƙanensa, Gyang, ɗaki na sha bakwai.
Rabin sunana ya goge, rubuta naka a kai.
Yana ɗan yoyo ta gindi,
narka leda ka liƙe.

Kuma ka riƙa kiran Inna ran Juma'a,
ko da ba kuɗi za ka tambaya ba.