Hayaƙin Banda

Sau uku Asta ta kawo shi ɗakin shan magani na Lagdo,
sau uku na ce zazzaɓin sauro ne.
Na ba da ƙwaya, na rubuta a littafi,
ta goya shi, ta koma bakin ruwa.

A bakin ruwa kowa na tari.
Inda ake banda, wa zai tsaya ƙirgawa?
Hayaƙi ne, in ji masunta, zai wuce.

Sikeli ne ya fara ƙaryata ni.
Na rataye Yawuba a wandon awo,
allura ta tsaya inda ta tsaya a watan Rajab.
Shekara biyu, kilo takwas.
Zaren layar da ke damtsensa
ya sauko har wuyan hannu.

Babba in ya zo sai in miƙa masa kwalba:
yi kaki, tofa nan.
To yaya za a ce wa ɗan yaye ya yi kaki?
Ya tara, ya haɗiye, ya dube ni,
ya mayar da shaidarsa ciki.

Injin hoton ƙirji yana Garwa.
Kuɗin mota, zuwa da dawowa,
kwandon karfasa guda ke nan.
Asta ba ta ce a'a ba, ƙasa kawai ta duba.

Sai na ajiye biro:
Wa yake kwana da shi?
Kakansa, Malam Garga. Ba ya barci sai a jikin tsohon.
Tsohon fa?
Ai shi tun bara yake jiƙa shimfiɗa da gumi,
ya bar jan taru, numfashi ba ya kaiwa.

Abin da yaro ya haɗiye ba ɓata ya yi ba,
haka aka koya mana watan jiya.
Na ba ta roba mai murfi, na ce gobe da sassafe,
kashinsa, ko cikin cokali ne.
Ta rufe baki da gyale tana dariya:
Malama, yanzu kuma kashi ake wa tambaya?

Hamajulde ya ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur,
roba biyu a ciki, ta jika da ta kaka.
Ya bi ta Ngong, ta gonakin auduga,
ya ce bai taɓa ɗaukar fasinja marasa surutu irin waɗannan ba.

Kwana uku, wayata ta yi ƙara ina wanke hannu.
Na tsohon: tarin fuka ne.
Na yaron: ba a gani ba.

"Ba a gani ba" ba "babu" ba ce.
Duk ɗan Lagdo ya san taru kan fito wayam
alhali kifi na ƙasa yana numfashi.
Na jera wa likita abin da ke hannuna:
tarin mako biyar, allurar da ta ƙi motsi, kakan, zaren.
Ya ce, a fara.

Ƙwaya mai narkewa a cokali, kowace safiya.
A wata na biyu Yawuba ya ciji yatsana,
allura ta matsa gaba.

Daren nan na kunna tocila, na buɗe littafin,
ina bin rubutuna da farce
duk inda na sa "sauro" sau uku ga yaro guda.
Suna goma sha ɗaya.
Huɗu a tsallaken ruwa suke.
Na aika a gaya wa mai kwalekwale ya jira ni bayan asuba.