Layi Biyu a Kan Bahar Maliya

Jikata Zulaihatu ta miƙo mini waya
a rumfar mai gahawa, bakin tashar Bur Sudan.
Ta ce, "Kaka, duba, Jidda fa kusa take."
Sai ga layi siriri, miƙaƙƙe kamar zaren kaɗi,
ya tsallake ruwa bai jiƙe ba.
Wai ta sama, awa guda ma da ƙyar take cika:
ka yi la'asar a nan,
ka sauka can rana ba ta yi ja ba.

Na ce, "To, danna mini ta mota."
Layin ya ja da baya kamar jakin da ya hango rijiya,
ya juya arewa, ya bi gaɓa,
ya shiga Masar, ya ratsa Sina'i,
ya yi ta karkata yana gaida masu shinge,
kafin ya gangaro Jidda ta bayan gida,
a galabaice, bayan kwana da kwanaki.
Na yi dariya har gahawa ta sarƙe ni.
Wannan layin na san shi, ɗan'uwana ne.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da sitiyari,
daga Gadarif zuwa bakin ruwa, riɗi a bayana.
Ni da ƙugu nake awon nisa,
da tayar da ta fashe a hawan Aƙaba,
da yawan shayin da ke hana ido rufewa.
Mai jirgi bai san sunan ƙauye ko ɗaya ba.
Wa ya taɓa ba shi ruwa a Haya?
Wa ke bin sa bashin man birki a Sinkat?

Ɗana Badamasi yana ƙarshen layin nan,
a wani lungu, yana ɗinka wa mutane jallabiya.
Ran da uwarsa ta cika, da hantsi muka kira shi.
Awa guda, in ji waya.
Takardarsa tana hannun maigidansa,
maigidan kuma ya yi tafiya.
Mun jira har inuwa ta koma gabas,
sannan muka ɗauke ta.
Bana shekara huɗu, awar nan ba ta cika ba.

Kakana Sambo ma Jidda ya nufa.
Ya baro Tambuwal da gora da sanda,
yana noma damina, yana tafiya da rani,
shekara bakwai ƙafa na cin ƙasa.
A Sawakin zazzaɓi ya tare shi,
saura kwana ɗaya rak a kan ruwa.
Kabarinsa na can, an ce, kusa da gishiri.
Mu ne guzurin da ya bari a hanya.

Na ce, "Zulai, ga wani ɗan mutum nan a gefe,
mai kama da wanda ke tafiya a ƙasa.
Danna shi mu gani."
Ta danna.
Wayar ta yi ta juya ido, tana juyawa.
Mai gahawa ya zo ya kwashe kofuna.
Wani jirgi ya keta ta kanmu ya nufi gabas,
na bi shi da kallo har wuya ya gaji,
ita kuwa ba ta daina lissafi ba.