Hular Kwanon Kofur Maikano

Shitu ya kawo ta cikin buhun taki,
tun daga Tudun Jukun har rumfata a Sabon Gari,
bayan layin 'yan gwangwan.
Wai wani a Legas ya ce in ta gaske ce
kuɗinta ya sayi babur, har a ba da canji.

Na ce ajiye.
Ba a tambayar ƙarfe da baki.

Bana kaɗai an kawo mini irinta uku.
Ɗaya an binne ta a bakin Kubanni damina guda,
an yi mata wankan gishiri da ruwan batir
don ta tsufa da wuri.
Tsatsar jiya ja ce, tana bin yatsa kamar lalle.
Ta shekara tamanin baƙa ce, ta zauna,
ba ta bin kowa.
Ɗaya kuma mikiyar da ke gefenta
ta fi sabon kuɗi sheƙi.
Mai ƙera tsufa kullum yakan zarce:
sai ya sa tabo inda hannu bai taɓa zuwa ba.

Wannan na ɗaga, na auna ta a tafi.
Na ƙwanƙwasa da bayan makulli,
ta amsa da dogon amo, ba irin na langar miya ba.
Bakin a naɗe, ƙusoshi uku,
kowace ta yi barci a raminta.
Na sunsuna. Ba warin fenti, ba na kananzir,
sai hayaƙi,
sai wani abu kamar zogale.

Na juya cikinta ga rana.
Fatar ciki babu, maɗauri babu,
gara ta daɗe da karɓar rabonta.
Kusa da kunne, haruffa biyu da sittin da huɗu,
bugun inji, ba na guduma a bayan gida ba.

Sai rana ta zubo ta ƙoƙon kai,
ɗigo-ɗigo a kan cinyata.
Na ƙirga: talatin da bakwai.
Harsashi ba ya jera rami haka.

Shitu ya sosa ƙeya.
Ya ce kakansa, Kofur Maikano, ya dawo da ita
daga hamadar da ya yi wa Turawa tuƙi.
Ya rataye ta a zaure,
ba a taɓawa, ba a tambaya.
Shekarar da ya rasu madambacin gidan ya fashe,
Delu ta leƙa zaure, ta aika wa maƙeri.
Shekara talatin ana turara dambu a ciki.
Da shi aka yi sunan Shitu.

Na ce ta gaske ce, ko a gaban alƙali.
Na ce kuma mutumin Legas ba zai saya ba.
Su yaƙin suke so yadda aka bar shi:
rami ɗaya na harsashi ninka kuɗi yake,
talatin da bakwai na abinci
ya kashe ciniki.

Ina goge baƙin tukunya daga wajen ƙeya
farin rubutu ya leƙo, na hannu, ya ɗan karkace:
Emil.
Ban san garinsu ba.
Na dai san kansa bai kai nawa girma ba,
kuma wanda ya rubuta sunansa a kan kaya
yana sa ran ya wayi gari ya same su.

Shitu ya ce to, a kilo fa?
Na ɗora a sikeli. Ɗaya da ɗan abu.
Kuɗin acaɓa zuwa Kwangila, ban da dawowa.

Na sauke ta, na mayar cikin buhu,
na ɗaure bakin da kaina.
Na ce Delu tana nan?
Ya ce tana nan, ido ne dai babu.
Na ce kai mata. Hannunta zai gane ta.