Kafin Ruwa Ya Zama Dutse

Ƙarshen Oktoba a bakin tafkin Oulujärvi.
Dinyoyin daji sun yi kudu tun makon jiya,
ganye ya toshe indararo,
ni kuma na iso da makullin gidan babana Raimo,
da tocila, da bokiti biyu, da sifanarsa mai jan mariƙi.

Shekara talatin da ɗaya shi ke wannan aiki.
Nawa ido ne, da riƙon fitila, da hamma.
Bana gwiwa ta ƙi, an kwantar da shi a Kajaani.
Ya kira ni, murya kamar ƙyaure mai tsatsa:
"Aulikki, ruwa ɗan gida ne a watan Yuni.
Ki bar shi ya kwana cikin ƙarfe a Janairu
ki ga yadda baƙo ke tsaga bango."

Na sauka ɗakin ƙasa.
Warin dankali da danshi.
A jikin bango, da fensir, ga hannunsa:
Ɗaya, kashe wuta.
Biyu, rufe uwar famfo.
Na ukun laima ta cinye.
Na tsaya ina laluben gurbinsa
kamar harshe mai neman haƙorin da ya faɗi.

Na murɗa babban bawul, ya ƙi.
Na naɗa tsumma, na sa ƙarfi,
na faɗi kalmar da ba a faɗa gaban manya,
sannan ya yi ƙugi ya sallama.

Sai sama. Famfon wanka, famfon kicin,
da wancan mai ɗiga tun ina 'yar aji uku,
duk na buɗe bakinsu.
Gida ya soma tari.
Bututu na kakari, na gyatsa, na tofar da jan ruwa
kamar tsohon da ya tashi da asuba.

Tiyon lambu na rataye a reshe,
ya yi ta hawaye har ya gaji.
Ruwan masai na kwashe da kofin shayi mai karyayyen kunne.
Na bi kowace gwiwar magudana,
inda ruwa ke lafewa ya ce ba ya nan,
na ɗura mata maganin daskarewa mai launin ruwan hoda.

Ina ɗaure takalmi Sirkka ta leƙo ta shinge,
hannu cikin aljihu, numfashi na hayaƙi.
"Tankin ruwan zafi fa?
Shekarar da mijina ya manta namu,
mun dawo a Afrilu mun tarar da takalma na iyo a falo."

Uku ke nan.

Bokiti goma sha biyar na hau da su matakala.
A na tara na daina ƙirga laifin babana,
a na sha biyu na soma ƙirga nawa:
kaka nawa na ce aiki ya yi min yawa,
shi kaɗai yana hawa da sauka,
gwiwar nan tana biyan bashin da ba ita ta ci ba.

Duhu ya zo tun kafin ƙarfe biyar.
Na kira shi daga tsakiyar kicin.
Ya ce, "Yi shiru. Me kike ji?"
Na kasa kunne. Babu ɗigo, babu gurnani,
sai iska na shiga bututu tana fita
kamar mai duba ɗakin haya.
Na ce, "Ba komai."
Ya ce, "To, kin gama."

Ban tafi ba tukuna.
Na koma ƙasa, na laso bakin fensir,
na cike gurbin ukun da nawa hannun, karkatacce.
A ƙarƙashi na ƙara:
Mayu, buɗe a hankali,
bi bango da kunne,
kawo wosha sabuwa don mai ɗigar nan.
Kawo kujera ma,
ya zauna ya riƙe fitila.