Daren Da Ta Manta Yatsana

A rumfata ta Ƙofar Ƙaura,
inda nake buga wa jama'a takardu,
shekara tara ke nan muna tare,
ni da baƙar kwamfuta mai tsagaggen murfi.
Ɗan dandalin da yatsa ke yawo a kai
ya yi santsi a tsakiya kamar ƙotar fartanya.
Kafin in gama nufi, kibiya ta isa.

Ran Laraba Nafi'u ya biyo,
ɗan ƙanena mai karatu a Batagarawa.
Ya ce, "Baba, ƙwayar cikinta ta tsufa,
bari in sabunta mata." Na ce bisimilla,
na bar su su biyu, na tafi magariba.

Da safe na ɗora yatsa. Shiru.
Na danna, kibiya ta zabura
kamar akuyar da aka watsa wa ruwa,
ta haye kusurwa ta laɓe.
Na ja yatsu biyu ƙasa, shafi ya nufi sama.
Na shafa da uku, aikin jiya ya ɓace min da gani.
Taɓawar nan mai laushi
irin ta ƙwanƙwasa ƙofar mai jego,
ba ta ji sam.
Amma gindin tafina, da ban aika ko'ina ba,
ya gifta kawai, ta amsa da gudu.

Ga Malam Shitu a kan benci
da takardar rabon gonakin gidansu.
Ina buga gonar rafi ƙarƙashin sunan Lantana,
kibiya ta tsallake layi huɗu ba sallama
ta kai wa Bishir.
Da ban sake karantawa ba,
da gefen hannuna ya raba zumuncin shekara arba'in.

Na goge dandalin da bakin riga.
Na hura masa iska. Na wanke hannu da sabulu,
ko laifin nawa ne, ko kanta ce ta yi kauri.
Malam Shitu ya duba agogo, ya duba ni.

A nan Inna ta faɗo min a rai,
tana can Rafindadi bisa tabarma.
Da idonta ya tafi, hannunta ya karɓi aiki:
ta shafa goshina, ta bi tabon kaskon suya,
ta ce, "Mamuda, ka rame."
Sai wata safiya, ba ciwo, ba faɗuwa,
ta shafa goshin nan, ta bi tabon nan,
ta janye hannu ta gyara mayafi,
ta ce, "A ba baƙo ruwa."

Nafi'u ya dawo bayan azahar, yana sosa ƙeya.
Ya kashe, ya kunna, ya danne wani maɓalli.
Baƙin allo ya fito da farin rubutu, layi bisa layi.
"Tsohuwar tana nan, Baba, ba a goge ta ba.
Tana kwance ƙarƙashin sabuwar.
A nan za ka zauna har masu gyara su gyara."
Ya sauka layi na biyu.

Na ɗora yatsa.
Ta biyo ni kamar ba a yi komai ba.

Ban yi saurin godiya ba.
Na ce, "Tsofaffi nawa take ajiyewa?"
Ya ce, "Biyu, wani lokacin uku."
Na ce to.

Gonar rafi ta koma wa Lantana,
Malam Shitu ya biya ɗari biyar, ya rage hamsin na jira.
Da la'asar na rufe rumfa, na hau ɗan sahu zuwa Rafindadi.
Na zauna bakin tabarma, na ɗora yatsa a tafinta,
a hankali tukuna,
sannan da ɗan ƙarfi,
sannan da yatsu biyu.